Abin da ido ke tsinta a cikin tulin alƙaluma

Ƙarshen kowane wata, a ƙananan asibitocin karkarar da ke tsakanin Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, akwai aikin da majinyata ba sa gani. Bayan an sallami na ƙarshe an tura ƙofa, malamin asibiti zai jawo manyan rajistoci, ya lashi yatsa, ya shiga ƙirga: yara nawa suka zo da zazzaɓi, nawa aka gwada, nawa gwaji ya nuna na cizon sauro ne, mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a hannunsa, allurar riga-kafi nawa aka yi. Na taɓa zama kusa da wani yana wannan aiki, wuta ta ɗauke, ya cije wayarsa a baki tana haska masa shafin, yana jan layi biyar-biyar a bayan kwalin magani. Da ya gama ya kwafe a takardar rahoto. Takardar ta hau babur zuwa ofishin gundumar lafiya, inda irinmu muke zuba ta a kwamfuta, a wata manhaja mai suna DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, wadda ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita. Daga nan alƙaluman su nufi Yawunde.

Na daɗe ina wannan aiki kafin tambayar ta fara damuna: wa yake iya karanta duk wannan? A ɗauka, don misali kawai, jiha tana da asibiti 200, kowanne yana cike gurbi 100 a rahoton wata. Cikin shekara 10 an tara lamba miliyan 2 da dubu 400. In mutum ya zauna yana karanta ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya yi kusan kwana 28, kuma kafin ya kai ta ɗari ya manta ta farko. Wannan fa ɓangaren lafiya ne kaɗai. Ga farashin hatsi na kasuwanni, ga rajistar manoman auduga, ga ƙidayar waɗanda rikici ya raba da gidajensu, ga taurarin ɗan'adam na Landsat da suke ɗaukar hoton ƙasarmu tun 1972, na yanzu kowanne yana komawa kan wuri ɗaya bayan kwana 16. Har ita kwamfutar tana ƙoshi. A watan Oktoba na 2020, a Ingila, sakamakon gwajin korona na kusan mutum 16,000 ya zube daga lissafi, saboda tsohon tsarin Excel, manhajar jera lambobi, da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Babu wanda ya lura sai bayan kwanaki.

Domin maganin irin wannan ne aka sami fannin da ni a Hausa nake kira nazarin alƙaluma da ido. Sunansa na Turanci, visual analytics, ya bazu ne a Amurka wajajen 2004 da 2005, amma tushensa ya girmi haka nesa. Kada a rikita shi da zanen da ake liƙawa a rahoto bayan an riga an yanke hukunci, don a ƙawata shafi. Nan aiki ne na haɗin gwiwa, kowa da abin da ya iya. Kwamfuta ba ta gajiya da ƙirga, tana iya tattara miliyoyin lambobi, ta haɗa masu kama da juna, ta ware waɗanda suka fita daban, amma ba ta san abin da ya kamata a tambaya ba. Mutum kuwa lissafinsa gajere ne, sai dai idonsa na da kaifin da har yau ake mamaki. A saka jar akuya ɗaya cikin farar tumaki ɗari, ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba, kana ɗaga kai ka gan ta. Masu nazarin gani sun auna cewa bambancin launi ko na tsawo ido yana cafke shi cikin ƙasa da rubu'in daƙiƙa. To sai kwamfuta ta mayar da lambobi launi da tsawo da ɗigo, mutum ya duba, wani abu ya tsone masa ido, ya yi tambaya, kwamfuta ta sake lissafi ta sake zane, a yi ta kai da komo har a gane.

Wani malami a Jami'ar Maryland, Ben Shneiderman, ya taƙaita tsarin a 1996 cikin mataki uku: a fara da kallon abin gaba ɗaya, sannan a matso a tace, sannan a nemi dalla-dalla in buƙata ta taso. Ranar da na fara jin wannan, kasuwar shanu ta Adumri ce ta faɗo mini a rai. Dillali ba ya fara buɗe bakin sa. Daga nesa yake tsayawa ya ƙare wa garken kallo, ya gane ko dabbobin sun sha tafiya ko sun ƙoshi. Sai ya matso ya ware biyar ko shida da suka yi masa. A ƙarshe ne yake duba haƙori da kofato, ya shafa tozo. Wanda ya fara da haƙorin kowane sa, kasuwa za ta tashi bai sayi ko maraƙi ba. Mu kuwa a ofis, shekara da shekaru haƙori muke dubawa.

Bari in nuna yadda abin yake a allo, don baki ba ya isar da shi. Akwai wani irin zane da nake kamantawa da tabarma. Kowane layi na kwance asibiti ɗaya ne, kowane layi na tsaye wata ɗaya ne, inda suka haɗu kuma ɗan murabba'i ne da ake yi wa launi gwargwadon yawan masu zazzaɓin cizon sauro: kaɗan ya yi haske, da yawa ya yi duhu. Ranar da muka fara shimfiɗa wannan tabarma ta shekaru uku, abin da kowa ya sani ya fito ɓaro-ɓaro. Rani fari tas, daga Agusta zuwa Oktoba duhu ya sauko daga sama har ƙasa kamar hadari. Amma a tsakiyar duhun akwai layi ɗaya da ya yi fari a Satumba da Oktoba, kuma duk shekarun uku haka. Lambobin nan sun bi ta hannuna wata bayan wata ban taɓa lura ba. A zane kuwa, ko yaro aka kira zai ɗora yatsa a wurin.

Murna muka fara yi. Tun 2016 ake rabon maganin riga-kafin zazzaɓi na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, gida-gida, sai muka ce lalle a wannan yanki aikin ya karɓu fiye da ko'ina, har ana shawarar a yaba musu a taro. Direbanmu, dattijo ne da ya fi shekara ashirin yana bin hanyoyin nan, ya shigo neman makulli, ya tsaya a bayana yana kallon allon. Ya ce, “Ɗana, wane gari ne wannan farin?” Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, “Ai wannan ba lafiya ba ce, ruwa ne. Da mayo, wato kogin nan, ya kawo, ba mota ba babur sai bayan wata biyu. Ni ban taɓa ɗauko takardarsu a kan lokaci da damina ba.” Na ce, “Baba, to marasa lafiyar fa?” Ya ce, “Suna can. Takardar ce ba ta zo ba.”

Da na koma na bincika, haka ne. Rahoton ba ya isowa kafin a rufe wata, ni kuma da hannuna nake cike gurbin da sifiri don kada a ga an bar shi fanko. Sifiri na nufin an ƙirga ba a sami kowa ba, fanko na nufin ba a ƙirga ba, kuma tsakanin biyun akwai rayukan yara. In da an bi lambobin nan wajen rabon magani, garin da ruwa ya tsare, wanda ya fi kowa buƙatar a kai masa kaya tun Yuli, shi za a rage wa. Har yau abin yana taɓa ni. Zane ya nuna inda za a duba, gaskiya ne, ba don shi ba da ba mu gani ba. Amma fassararmu ta farko kuskure ce, kuma wanda ya gyara ta bai taɓa taɓa kwamfuta ba.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a bar kwamfuta ta taƙaita komai ba, ta fitar da matsakaici ɗaya a huta? Masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya amsa wannan tun 1973 da wani misali da har yau ake koyarwa. Ya tsara rukunin lambobi huɗu, kowanne da ɗigo 11. Duka huɗun matsakaicinsu ɗaya ne, 9 a ɓangare guda da 7.5 a ɗayan, ma'aunin dangantakarsu ɗaya, wajen 0.82, layin da lissafi ya fitar musu ma ɗaya. A takarda tamkar 'yan huɗu. Da aka zana su sai ga na farko a warwatse gefen layi, na biyu ya lanƙwashe kamar baka, na uku a miƙe sai ɗigo ɗaya da ya yi tsalle, na huɗu duk a tsaye wuri ɗaya, ɗigo guda can nesa shi ya ja lissafin duka. Manomi ya san wannan ba tare da makaranta ba. Damina biyu za su iya zuba ruwa daidai wa daida a ma'auni, ɗaya ta raba shi sannu-sannu gero ya yi, ɗaya ta juye shi a dare biyu sannan ta ɗauke sati uku daidai lokacin da hatsi ke ɗaukar ciki. Jimilla ɗaya, rumbu daban. Sai an shimfiɗa ruwan kwana-kwana a zane ake ganin ramin.

Shi ma zanen yana da nasa ƙa'idoji. William Cleveland da Robert McGill sun gwada mutane a 1984, suka gano ido ya fi iya kwatanta matsayi da tsawo fiye da kusurwa ko faɗi. Shi ya sa ginshiƙai a jere suka fi da'irar nan da ake yayyankawa kamar kankana, wadda masu rahoto suke so ƙwarai. Haka nan in buhun masara ya tashi daga jaka 20 zuwa 22, mai zane ya fara ma'auninsa daga 19, ginshiƙi na biyu zai ninka na farko sau uku a ido, mutane su ɗauka kasuwa ta kama da wuta. Ɗigo kuma in ya kai miliyan sai ya zama baƙin tabo, dole a tara shi gida-gida kafin ya yi magana.

Labarin da aka fi bayarwa a wannan fanni na amai da gudawa ne, ciwon da mu nan ba baƙonmu ba ne. A 2010 ya kama fiye da mutum dubu 10 a Kamaru, mafi yawa a Arewa Mai Nisa. A ƙarshen Agustan 1854 annobar ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, cikin kwana 10 ta kashe sama da mutum 500. A lokacin yawancin masana na ganin gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Likita John Snow ya zargi ruwa. Ya bi gidajen da aka yi rashi, ya ga sun yi wa famfon titin Broad zobe, ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Taswirarsa, mai ɗan baƙin layi a ƙofar kowane mamaci, ita ake nunawa a ce ga hoton da ya ceci gari.

Sai dai in aka bi labarin a hankali, ya fi haka daɗi. Taswirar ta fito ne bayan an cire hannun famfon. Kuma abin da ya ƙarfafa hujjar su ne wuraren da suka saɓa wa zanen. Ga wani kamfanin giya a kan titin, ma'aikatansa ba su kamu ba, da aka tambaya sai aka ji ba sa shan ruwan famfon. Ga gidan gajiyayyu mai mutum fiye da 500 a tsakiyar annobar, 5 kawai suka mutu, ashe rijiyarsu daban. Ga kuma wata bazawara can Hampstead, nesa da unguwar, ta mutu da ciwon, ashe ruwan famfon nan take so, ana kai mata a kwalba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilan da ke rubuce a taswira, da ƙafa da baki aka samo su. Sannan akwai wani limamin coci na unguwar, Henry Whitehead, wanda da farko bai yarda da Snow ba, ya shiga bincike don ya ƙaryata shi. Da yake ya san kowane gida, shi ya gano jaririyar da ta fara ciwon a gida mai lamba 40, wadda aka zuba ruwan wankin tsummanta a ramin ƙazanta da ke dab da rijiyar famfon. Duk lokacin da na tuna Whitehead, direbanmu nake gani.

Gani ya kori ji, haka muka gada. Amma wannan ƙarfi na ido shi ne haɗarinsa, don abin da mutum ya gani da wuya ya sake tambaya a kansa. Akwai tarko biyu da suka fi kama mu a nan. Na farko girman ƙasa. In aka shafa wa taswira launi gunduma-gunduma, ido girman fili yake aunawa, ba yawan mutane ba. Gundumar Mayo-Rey kaɗai, mai murabba'in kilomita sama da dubu 36, ta fi jihar Arewa Mai Nisa gaba ɗayanta faɗi, alhali a ƙidayar 2005 mutanenta ba su kai dubu 400 ba, Arewa Mai Nisa kuwa ta haura miliyan 3. In Mayo-Rey ta yi ja a taswira sai ka ga kamar rabin arewa ya kama, ƙananan wurare masu cunkoso irin duwatsun Mokolo kuma su shige ba a lura ba.

Na biyu ya fi wannan zurfi, wato adadin da ake raba lissafi da shi. Kafin a ce kashi kaza cikin ɗari na yara sun sami allura, sai an san yaran nawa ne. Shekaru da dama hasashen da aka gina kan ƙidayar 2005 ake amfani da shi a Kamaru, a Chadi kuma ta 2009. Tsakanin nan rikicin Boko Haram ya kwashe ƙauyuka daga bakin iyaka ya zube su a Mora da Kolofata da Kusuri, an buɗe sansanin Minawao a 2013 ya cika da dubun dubatar 'yan gudun hijira daga Najeriya. Sai ka ga zane ya nuna wani gari ya yi wa yara fiye da ɗari bisa ɗari allura, an shafa masa kore shar, wani kuma ya yi ja wur ana faɗa da ma'aikatansa. Na farko baƙi ne suka cika shi, na biyu mutanen da ake nema sun tashi tuntuni. Zanen bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ya zana.

Babu misalin da ya kai tafkin Chadi. Da wuya a yi taro kan sauyin yanayi a duniya ba a nuna jerin hotunan nan ba: 1963 tafki shuɗi mai murabba'in kilomita wajen dubu 25, sai na shekarun baya yana ta tsukewa har ya zama ɗan tabo, a rubuta a ƙasa cewa kashi 90 cikin ɗari ya tafi. Gaskiya ne farin shekarun 1970 da 1980 ya yi wa tafkin mummunar illa, har a 1973 ya rabe biyu, kwarin arewa da na kudu. Amma ido in ya ga abu yana raguwa hoto bayan hoto, da kansa yake ƙarasa labarin, ya ce gobe babu. Masunta da manoman Darak da Bulangwa sun san ba haka ruwan yake tafiya ba. Tafki ne marar zurfi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kusan duk ruwansa daga kogin Shari da Logon yake zuwa, ƙarin taku kaɗan a tsayinsa yana iya cinye fili mai nisan gaske. Kowace shekara yana zuwa ya koma, in ya janye a shuka masara da wake a gurbinsa. Hoton da aka ɗauka a Yuni da wanda aka ɗauka a Disamba, a shekara ɗaya, tafki biyu za su nuna maka.

Ƙari a kan haka, ruwa mai yawa yana ƙarƙashin ciyayi da kaba-kaban fadama, kyamarar da ke ɗaukar hoto irin na ido kuma kore take gani ta lissafa shi a tudu. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya haɗa ma'aunai daban-daban na taurarin ɗan'adam, ya nuna cewa a shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Wannan ba ya nufin mutanen bakin tafki suna cikin daɗi. Matsalarsu ta fi karkata ga rashin tabbas, ba a san inda ruwan zai tsaya bana ba, ga rashin tsaro ya hana bin sa yadda aka saba. To amma maganin da za a nema wa tafkin da ke mutuwa daban yake da na tafkin da ke kai da komo, kuma hoto huɗu da aka zaɓa sun fi shekara ashirin suna jan tunanin masu ba da kuɗi. A nan ne amfanin zanen da ake iya juyawa yake fitowa. In za ka iya jan shekarun gaba da baya da hannunka, ka zaɓi wata, ka sauya ma'auni, ba wanda zai tsare ka a kan farko da ƙarshen da shi ya ga dama.

Haka batun ambaliya. A 2022 ruwa ya shafi fiye da mutum miliyan 1 a Chadi, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba. A lura da watan. Ruwan sama a Injamena da Kusuri ya riga ya ɗauke ko yana shirin ɗaukewa, amma kogi a lokacin yake cika, domin ruwan da ya sauka can kudu, wajen Sar da Mundu da ƙasar Afirka ta Tsakiya, makonni yake yi yana gangarowa, na Logon ta Bongor da Yagwa, kafin Logon da Shari su haɗu. Wanda ya kalli zanen ruwan saman garinsu kaɗai zai kwanta da minshari. Dabarar da ake yi ita ce a jera zane uku ko huɗu a allo ɗaya a ɗaure su da juna: taswira, ruwan saman kudu, tsayin kogi a kowace tasha, yawan mutanen da ke kwari. Ka taɓa sati ɗaya a wannan, sauran duk su koma kansa. Da damina gajimare na rufe wa kyamara ido, amma tun 2014 akwai Sentinel-1 na Turai mai amfani da rada, wanda ke ratsa gajimare dare da rana, kuma hotunansa kyauta ne, kamar yadda na Landsat suka zama kyauta tun 2008. Manhajar zana taswira irin QGIS ma ba a biyan ko dala. Ɗalibi a Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere yau yana iya yin abin da a da sai babbar hukuma.

Wani abu da bai kamata a tsallake ba: matsowa kusa tana da iyaka. Taswirar Snow ɗigo a ƙofar gida take sakawa. A ƙauye mai gida talatin, ɗigo ɗaya na mai ciwon da ake jin kunyarsa daidai yake da kiran sunansa a kasuwa. A yankin da ake rikici kuwa, taswirar da ta nuna inda 'yan gudun hijira suka fake ko inda aka tara hatsi tana iya faɗawa hannun da ba a so. Akwai matakin da ya kamata allo ya ƙi buɗewa, komai matsayin mai dannawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar da alƙaluman nan ke bi hanya ce mai zuwa ba dawowa. Mai cije waya a baki yana ƙirga ya aika, a can sama a zana, a nuna a ɗakin taro mai sanyi, cikin Faransanci ko Turanci, ga mutanen da ba su san wane mayo ke tsare wace hanya ba. Su kuma waɗanda za su iya fassara kowane rami da kowane tudu na zanen, malaman asibiti, ungozoma, malaman gona, masu unguwanni, direbobi, ba a taɓa nuna musu ba. Ana cewa ai babu intanet mai ƙarfi, babu wuta. Gaskiya ne, manyan allunan nan masu motsi ba sa buɗewa a wayar da ke fama da sanda ɗaya. Amma shafi ɗaya da aka buga a takarda, ko hoto ɗaya da aka tura ta WhatsApp, ya isa a fara. Sai dai a tuna injin bugawarmu yawanci baƙi da fari ne. Taswirar ƙarancin abinci ta ƙasashen Sahel mai mataki biyar, daga kore zuwa ja mai duhu, in ta bi ta irin wannan inji sai launukan su cakuɗe, ga kuma mazan da dama can ba sa bambance ja da kore. Zanen da za a kai ƙauye gara a yi shi da haske da duhu, a rubuta sunayen garuruwa yadda masu su ke faɗa.

Bara na gwada. Na buga wa malamin nan mai fitilar waya shafi ɗaya, layin matan da suka zo awo a asibitinsa wata-wata na shekara biyu, na kai masa da kaina. Ya goge hannunsa a riga ya karɓa, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, don bai taɓa ganin aikinsa a jere haka ba. Akwai wani kwari a layin, wata uku a jere, wanda mu a ofis muka ɗora wa aikin gona. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, “Malam, wannan ba girbi ba ne. Lokacin ne ungozomarmu ta tafi wankan jego garinsu, ni kaɗai na rage, matan nan kuwa ba za su yarda namiji ya duba su ba.” Sai ya bi layin gaba kaɗan, inda ya yi sama fiye da da, ya ce nan ne suka mayar da ranar awo ta dace da ranar kasuwa.

Ya nemo ƙusa ya kafe takardar a bango, kusa da jadawalin allura. Da zan tafi ya biyo ni har gindin babur, ya ce in zan kawo ta wata mai zuwa in raba masa ita ƙauye-ƙauye, don akwai rugage biyu a hayin mayo da yake zargin matansu sun daina zuwa tun kafin damina.